Jaririn ganye da takin kwalba: Abin dubawa kafin uwargida ta zuba



Duk wadda ta tashi a Arewa, aure ko neman abinci ya kawo ta Legas, akwai abubuwan da bakinta ke nema idan hunturu ya kama, kuma lansir na sahun gaba. A Kano ko Zariya da 'yan kuɗi kaɗan za a ƙullo miki shi ɗanye shar daga fadama, ki yanka, ki daka ƙuli-ƙuli, ki sa albasa da tumatir da ɗan mai, kwaɗo ya haɗu. To amma lansir ba ya son tafiya. Kafin mota ta taso daga Arewa ta sauke a kasuwar Mile 12, a sake ɗauko shi zuwa Zangon Agege ko Idi-Araba, ya yi yaushi, rabinsa ya zama na zubarwa. Wannan na cikin abin da ya sa wasu matan suka fara shuka kayansu a tire ko robar abinci a bakin taga, ba tare da ƙasa ba, su yanke bayan kwana goma. Turawa na kiran irin wannan ganye maikirogirin, ni kuma a nan zan riƙa ce masa jaririn ganye.

Tare da wannan sabon yayi sai ga wani kaya ya shigo gidaje: kwalabe biyu, ɗaya an rubuta mata A, ɗaya B. Takin ruwa ne na noman da ba a yi da ƙasa, wanda ake kira haidirofonik. Masu talla a TikTok da Instagram suna nuna tire ya cika ya tumbatsa, suna cewa sirrin yana cikin kwalaben. Tambayar da ake kawo mini a kantin magani ita ce, dole ne sai an sa? In kuma an sa, yara za su iya ci? Amsata a taƙaice ita ce mafi yawan abin da za ki shuka a bakin taga ba ya buƙatar wannan taki. In kuwa za ki sa, ki ɗauke shi yadda kike ɗaukar magani, da awonsa, da lokacinsa, da wurin ajiyarsa.

Ƙwayar iri da guzurinta take zuwa. Sitaci da mai da furotin da ke cikinta su ne abincin tsiron tun daga ranar da ya fasa har ya buɗe kunnuwansa biyu na farko, kuma a wannan tsakanin ruwa da iska da haske kawai yake nema. Lansir a kwana 7 zuwa 10 ya kai a sa masa almakashi, tun bai fara jin yunwa ba. Hulba ma haka, ita da ƙwayarta ta fi girma. Gaskiya ne taki na iya ƙara nauyin abin da za a girba, shi ya sa masu noma don sayar wa otal-otal suke sawa, tunda su da sikeli suke ciniki. Amma ke da kwaɗon gida za ki yi, a ganina bambancin bai kai ki shigo da kwalbar sinadari ɗakin da yaro ke rarrafe ba. Idan kuma a cikin ƙasa mai kyau kika shuka, to magana ta ƙare, ƙasar ta ishe shi.

Inda takin ke da wurin shiga shi ne iri mai ƙanƙanta kamar alayyahu da latas. Guzurinsu kaɗan ne, kuma sukan kai mako biyu zuwa uku kafin a yanka. Idan an shuka su a kan auduga, ko ƙyalle, ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, waɗanda ba wani abincin kirki a cikinsu, za ki ga sun tsaya cak ganyen ya fara yin ɗorawa. Ko a nan ma ki fara duba haske tukuna. Da yawa daga gidajen hayarmu a Agege tagarsu bangon maƙwabci take kallo. Tsiron da ya yi tsawo siriri, ya yi fari-fari yana karkata wajen taga, rana yake nema, ba taki ba. Ki mayar da shi baranda inda zai sami hasken safe. Zuba masa taki a cikin duhu shi ne mafi munin haɗi, kuma zan zo kan dalili.

Mene ne a cikin kwalaben? Ba wani abin ɓoye ba ne. Gishirin sinadarai ne da aka narkar a ruwa, kuma asalin haɗin tsoho ne: wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Hoagland da Arnon, sun wallafa nasu tun 1938, kuma har yau a kansa ake ɗora yawancin na kasuwa. A nan gida ma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana amfani da irin wannan ruwa wajen yaɗa irin doya ba tare da ƙasa ba. Kwalbar A galibi tana ɗauke da kalsiyam da naitret da sinadarin ƙarfe. Kwalbar B kuma fosfet da fotasiyam da magnisiyam salfet, da wasu 'yan ƙananan sinadarai. Abin sha'awa, magnisiyam salfet ɗin nan shi ne sinadarin allurar da ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta a asibiti. Suna ɗaya ne, amma tsabtar ba ɗaya ba ce, na gona na gona ne.

Raba su biyu da aka yi ba dabarar ciniki ba ce. Idan kika zuba A a cikin B da kaurinsu, kalsiyam zai haɗu da salfet da fosfet, wani farin abu kamar alli ya kwanta a ƙasan kwano. Wani ɓangarensa shi ne ainihin abin da ake sarrafawa a yi filastar ɗaurin karaya da silin ɗin ɗaki. Shuka ba za ta iya sha ba, kuɗinki ya tafi a banza. Sai a fara zuba ruwa, a sa A a juya sosai, sannan a sa B.

Wata za ta ce, to ai akwai ragowar takin zamani da maigida ya zo da shi daga ƙauye, ba sai na jiƙa ba? A'a. Takin NPK na buhu an yi shi ne don ƙasa, ba ya narkewa duka, kuma ba a haɗa shi da awon da saiwa tsirara za ta jure ba. Yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun juya ta kafin shuka ta amfana yadda ya kamata. A tiren auduga ƙona saiwa kawai za su yi. Kashin kaji da na shanu ma ku kiyaye, duk da kwatar Oko-Oba na kusa kuma samunsa ba wuya. A dokar noman gargajiya ta Amurka, sai an bar kwana 90 zuwa 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da za a ci, saboda ƙwayoyin cuta. Ganyen da za a yanka a kwana goma a ci ɗanye ba shi da wannan tazarar.

Yanzu batun awo, wanda shi ne sana'ata. Awon da ke jikin kwalba yawanci na manyan shuke-shuke ne, irin su tumatir da latas da za su yi wata biyu. Jaririn ganye kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ya ishe shi, in ya yi yawa rabi. Misali, idan takardar kwalbar ta ce a sa mililita 5 na A da mililita 5 na B a lita ɗaya, ke sai ki sa wannan adadin a galan mai cin lita 4. Shi ke nan kin sami ɗaya bisa huɗu ba tare da dogon lissafi ba. Ki auna da sirinji marar allura, ba da cokali ba, domin cokulan gida kowanne da girmansa. Abin da nake faɗa wa iyaye kullum ke nan a kan maganin yara. Sirinjin takin kuma ki ɗaura masa zare ko ki yi masa alama, kada wata rana cikin dare a ɗauke shi a ba yaro farasitamol. Kwalbar da ta zo babu takarda, babu sunan wanda ya haɗa, babu awo, ni dai ba zan saya ba komai arharta.

Kada a fara sawa sai kunnuwan farko sun buɗe sun yi kore. Kuma daga ƙasa ake shayarwa: tire biyu, na sama mai huji a gindi, na ƙasa babu, ki zuba ruwan a na ƙasa saiwa ta jawo da kanta. Ba a fesa takin a kan ganyen da za a ci. Wannan yana rage funfuna ma, wadda ita ce babbar mai kashe tire a damshin Legas. Sai kuma kwana biyu ko uku kafin yanka ki koma ruwa zalla.

Dalilin wannan na ƙarshe shi ne naitret. Shuka tana jawo shi daga saiwa, ta yi amfani da hasken rana ta mayar da shi furotin. In an ba ta fiye da abin da za ta iya sarrafawa, ko haske ya yi kaɗan, sai ta tara shi a ganye da kara. Alayyahu na cikin ganyayen da suka fi tarawa. Kada wannan ya tsorata babba: a 2008 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba batun, ta ce amfanin cin ganye ya rinjayi haɗarin naitret ɗin da ke cikinsa. Kuma naitret ɗin da ya fito daga kwalba da wanda ya fito daga takin turke duk abu ɗaya ne a wajen shuka, don haka masu cewa ganyen haidirofonik guba ne don kawai an sa masa sinadari ba su faɗi daidai ba.

Wanda ake ji wa shi ne jariri, musamman ɗan ƙasa da wata shida. A cikinsa naitret yana saurin juyewa ya zama naitrait, wanda ke shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar numfashi. Sai a ga leɓe da harshe da farcen yaro sun yi duhu kamar toka ko shuɗi-shuɗi, yana haki, jikinsa ya saki. Saboda jarirai ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha. Cikakken haɗin Hoagland kuwa yana ɗauke da sama da miligiram 800 a lita. Ke nan ko galan ɗin nan da kika tsinka zuwa ɗaya bisa huɗu ya ninka haddin ruwan sha sama da sau huɗu, alhali a ido ruwa ne garau. Wannan galan shi ya fi ba ni tsoro a duk lamarin. Gida mai yawan jama'a, jarkoki jere a lungu ɗaya, 'yar aiki ko yayar jariri ta ɗiba ta dama madara ko koko. Tafasawa ba ta cire naitret, ƙara tattara shi ma take yi tunda ruwan ne ke tafiya. Ki haɗa daidai wanda za ki ƙarar a kwana biyu, ki rubuta a jikin galan da manyan baƙaƙe, ki raba shi da wurin ruwan sha. Jariri kuma nono zalla har wata shida, babu ruwan ganye, babu tsime, komai aka ce yana da bitamin.

Kwalaben asali sun fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba. Wasu na A ja-ja suke kamar zoɓo saboda sinadarin ƙarfen da ke ciki. Mun san yadda yara ke shan kananzir idan an zuba shi a robar lemo. Wannan ma haka zai faru in aka juye shi a robar ruwa ko ta lemo. A bar shi a kwalbarsa, a sama, a kulle. Akwai kuma wasu ƙananan kwalabe da ake haɗawa da su a sayar, na daidaita tsamin ruwa. Ɗaya asid ce, ɗaya kuma dangin sodar sabulu, dukkansu suna ƙona baki da maƙogwaro. Mai tire biyu a baranda ba ta da buƙatarsu.

In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. Na san manja ne abin da hannu ke fara kaiwa a gidajenmu, amma ba ya karya wannan, kuma in yaro ya shaƙe shi ya shiga huhu an ƙara wata matsalar. A kurkure masa baki, a ɗauki kwalbar a tafi da shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Orile-Agege ko na Ifako-Ijaiye, ko a kira 112 ko 767. Akwai allurar da ke warware matsalar jinin, ana ce mata metilin bulu, amma tana da haɗari ga masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a cikin mazan ƙasar nan. Shi ya sa hukuncin na likita ne, ba na mai kemis ɗin unguwa ba.

Duk da doguwar maganar nan a kan taki, irin da za ki shuka ya fi shi buƙatar sa ido. Irin shuka da ake sayarwa a shagunan kayan noma sau da yawa an turara shi da maganin ƙwari da na funfuna, shi ya sa za ki gan shi ja ko ruwan hoda ko kore. Ga manomin da zai jira wata uku ba laifi. Ga jaririn ganye kuwa, wanda ɓawon ƙwayar kan zo maƙale a kan ganyen har faranti, bai dace ba, kuma wanki ba ya fitar da shi duka tunda wani maganin an yi shi ne don ya shiga jikin tsiron. Ki nemi irin da ba a sa wa magani ba, ko wanda ake sayarwa don ci, kamar hulba da ƙwayar lansir da masu kantin magungunan Musulunci ke kira habbatur-rashad. Ko shi ɗin ki sansana. Akwai 'yan kasuwar da ke adana hatsi da fiya-fiya, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Sai ƙwayoyin cuta. A 2011 an yi wata annoba a arewacin Jamus ta ƙwayar cutar E. coli, kusan mutum 4,000 suka kamu, sama da 50 suka rasu, da yawa ƙodarsu ta tsaya. Da aka bi diddigi sai aka kai ga tsiron hulba da aka ci ɗanye, wadda aka shigo da irinta daga Masar. Can tsiro ne da ake ci har da saiwa da ƙwaya, wanda ake rainonsa cikin ɗumi da danshi, yanayin da ƙwayar cuta ke so. Jaririn ganye ya fi shi sauƙin haɗari tunda daga sama ake yankewa a bar saiwar, amma dangi ne. Saboda haka mai ciki, da tsoho, da yaro ƙarami, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, gara a jefa musu shi a miya ya ɗan ji wuta. Ruwan shayarwa kuma ya zama wanda za ki iya sha. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. In ba ki san inda ɗan garuwa ya ɗebo ba, ko rijiyar gidanku tana kusa da sokawe, ki tafasa ki bari ya huce.

Ba kowane iri ake mayarwa jaririn ganye ba. Tumatir da tattasai da attaruhu da dankalin Turawa, ganyensu ba na ci ba ne. Wanda na fi so ku riƙe shi ne dawa, domin tana kowane gida kuma tana saurin tsirowa. Duk makiyayi ya san ɗanyen tsiron dawa yana kayar da saniya. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke sakin gubar sayanaid idan an tauna, ya fi yawa a ƙaramin tsiro, kuma takin naitrojin ƙara shi yake yi. Kada a gwada, ko da an ga wani ya matse ruwan tsiron alkama a bidiyo an ce ai hatsi duk hatsi ne.

Masu shan maganin tsinka jini na warfarin, ganye yana da bitamin K wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a hana ku ci ba, amma kada ku ƙara yawansa kwatsam ba ku faɗa wa likitanku ba. Masu ciwon ƙoda da aka ce su rage fotasiyam, su ma su tambaya, tunda kwalbar B cike take da shi.

Za ku ji masu talla suna cewa jaririn ganye ya ninka babban ganye amfani har sau 40. Maganar tana da tushe. A 2012 masana daga Jami'ar Maryland da ma'aikatar noma ta Amurka sun auna iri 25, suka ga da yawansu sun fi manyan ganyayensu wasu bitamin idan aka kwatanta giram da giram, kuma ninkin ya bambanta ƙwarai daga wannan iri zuwa wancan. Sai dai abin da roba ɗaya za ta ba ki bai fi cikin tafin hannu ɗaya ko biyu ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa take so babba ya ci kullum. Don haka miyar alayyahu da ta zogale da ta ayoyo suna nan a matsayinsu, tiren baranda ƙari ne a kansu.

Ranar yanka, ki wanke hannu da almakashi da sabulu, ki yanke sama da audugar da kamar faɗin yatsa ɗaya. In kin ga wani farin gashi-gashi a jikin saiwa kawai, wanda ke kwanciya idan ruwa ya taɓa shi, gashin saiwa ne ba komai. In kuwa kamar yanar gizo-gizo ce ta hau kara, da warin ruma, tiren duka na bola ne. Wanda ya yi kyau a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a tsane, a ci a ranar, tunda wutar da za ta riƙe firij kwana uku ba kowa ke da tabbacinta ba. Audugar kuma a zubar, a wanke tiren da sabulu a shanya a rana kafin a sake shuka.